Zaman Amintattu a Kicin ɗin Arlene

Delbert Unruh ya sha kaye a zaɓen watan Afrilu, kuma duk faɗin gundumar Tolliver babu wanda abin ya ba mamaki sai shi kaɗai. Shekara ashirin da huɗu yana cikin amintattu biyar da ke riƙe da kwalejinmu, har ya manta cewa kujerar ta zaɓe ce. Da lokacin neman ƙuri'a ya zo, tsofaffin allunansa ya jawo daga bayan rumbu, ya kakkaɓe kashin tattabaru, ya kafa a bakin titi. Hoton da ke jiki tun yana da gashi aka ɗauke shi. Ita kuwa Marisol Quezada, ma'aikaciyar jinyar da ta yi karatunta a kwalejin, babu ƙofar da ba ta ƙwanƙwasa ba, daga gidajen manoman alkama har unguwar ma'aikatan mayanka. Ta yi masa kayen da ko gardama babu.

Kwalejin nan iyayenmu ne suka gina ta. Manoma ne da suka gaji da ganin 'ya'yansu na tafiya birni karatu ba sa dawowa, suka jefa ƙuri'a suka ɗora wa gonakinsu haraji da hannunsu. Har yau in aka tuna sai a jinjina kai, don manomin Tolliver ko gaisuwa sai ya auna kafin ya bayar. Suka zaɓi mutum biyar su riƙe amanar, ba albashi, sai gahawa mai sanyi da ƙorafin jama'a. Mahaifin Delbert na cikin biyar ɗin farko, da taraktarsa ma aka baje filin. Aikin amintattu kuwa ba shi da yawa. Su ɗauki shugaban kwaleji, su sallame shi in ya lalace, su amince da kasafin shekara, sannan su cire hannunsu daga abin da ake yi a aji. Wannan na ƙarshen ne bai taɓa zama daidai a kan Delbert ba.

Amma akwai wata al'ada da ba a rubuta ta ko'ina ba. A bikin yaye ɗalibai na farko, da aka kira sunan 'yar wani amintacce, sai uban ya kasa zama. Ya miƙe ya fizge takardar shaidar daga hannun shugaban kwaleji, ya miƙa wa 'yarsa da kansa, jama'a suka ɗauki tafi. Tun daga ranar abin ya zauna daram. In ɗan gidan amintacce zai kammala, shi ke miƙa masa shaida a kan dandamali. Amintacce mai ci fa, ba wanda ya sauka ba.

Delbert ya ga kowa ya yi. Maƙwabcinsa Harlan Koehn ya miƙa wa 'ya'yansa mata uku, kowace sai ya yi kuka ya jiƙe mata kafaɗa. Shi kuwa Delbert babban ɗansa ya wuce jami'ar jiha, ƙaramin ya shiga sojan ruwa, babu wanda ya ko leƙa ajin kwalejin. Yana zaune a kan dandamali shekara da shekaru yana yi wa 'ya'yan wasu tafi, abin na cin ransa bai faɗa wa kowa ba.

Sai ga shi a bana matarsa Arlene za ta kammala. Da ma ta fara kwalejin tana budurwa, ta yi shekara guda, suka yi aure, ta bi shi cikin shanu. Da ta haura sittin sai ta koma, darasi ɗaya yau, ɗaya baɗi. Lissafi ya kayar da ita sau biyu. Delbert ya tayar da jijiyar wuya a zaman kwamiti wai a kori malamin, sai da shugabar kwamitin, Wanda Dreiling, ta tuna masa cewa mutum ɗaya tak suke da ikon kora, kuma ba shi ke koyar da lissafi ba. Arlene dai ta haye a karo na uku. Tun sanyin hunturu Delbert ke gwajin ranar a rumfar shanu. Yakan naɗe takardar buhun dusa, ya gyara tsayuwa, ya miƙa wa wata saniya yana cewa, "Arlene Unruh, a madadin kwamitin amintattu." Saniyar takan cinye takardar.

To ga inda gizo ke saƙar. Za a rantsar da Marisol a zaman ranar Talata, bikin yaye kuwa Asabar ɗin makon ne. Delbert ya kwana yana juyi, ya tashi da wata dabara. Ƙa'idar kwamiti ta ce tsohon amintacce na nan a kujerarsa har sai an rantsar da sabo a cikin zama, zama kuma ba ya halatta sai mutum uku cikin biyar sun hallara. In shi bai je ba, saura huɗu. In ya ɗauke biyu, shi ke nan, sai Wanda ta zauna ta kalli bango. Wanda ba ta ɗaukuwa, tsohuwar shugabar firamare ce da rabin garin suka bi ta hannunta. Fasto Yoder kuwa Delbert ba zai iya kallon idonsa ya yi masa ƙarya ba. Saura Harlan da Likita Pruitt, likitan dabbobi.

Ya sami Harlan a bakin shingen da ya raba gonakinsu yana ɗaure waya.

"Yanzu kai so kake in ƙi zuwa zama?" in ji Harlan.

"Wa ya ce ka ƙi? Taimakon maƙwabci za ka zo. Saniya ce za ta haihu."

"Wace saniyar? Naka ai duk sun haihu tun Maris. Ni na jawo maka maruƙa biyu daga ciki."

"To an sami wadda ta makara."

Harlan ya ajiye filaya ya dube shi sama da ƙasa. "Delbert, tsufa ya fara taɓa ka. Wanda fa! Matar nan ɗanye za ta cinye mu. Ni har yau in ta kira sunana sai in ji kamar na manta aikin gida."

"Da ka miƙa wa 'yarka Karen takardarta, wa ya fara tashi tafi? Da ka miƙa wa Joyce fa? Ranar ta Linda, hankicin wa ka fyace hanci da shi?"

Harlan ya sosa ƙeya. Can ya ce, "Ban ma mayar maka da hankicin ba. Ƙarfe nawa?"

Ranar Talata da yamma, ana saura kaɗan a fara zama, Delbert ya buga wa Likita Pruitt waya yana haki kamar wanda ya yi gudu. Ya ce karsana ce ta kwanta naƙuda, ɗan ya juye, in ba a zo yanzu ba uwa da ɗa duk za a rasa. Likita mutum ne siriri mai saurin fushi, amma bai taɓa barin dabba ta mutu don wani zama ba. Ya juyo da motarsa daga hanyar kwaleji da kwat ɗinsa na taro, ya shigo gonar yana tayar da tsakuwa. Yana tsayawa a bakin rumfa sai ga a-kori-kurar Harlan ta shigo ta tsaya daidai bayansa, ta toshe hanya ruf.

A ciki suka tarar da wata jar karsana mai ƙiba, tana tsaye lafiya lau tana tuƙa, tana kallonsu ɗaya bayan ɗaya.

"Wannan ce mai naƙudar?" Likita ya tambaya.

"Ɗazu ta sha wuya," in ji Delbert. "Nishi kawai take yi."

"Ni ma na jiyo," in ji Harlan. "Tun daga gidana."

Likita ya harare shi, don tsakanin gidajen ko harbin bindiga da kyar ake ji. Ya dai cire kwat ya rataye, ya zura doguwar safar roba har kafaɗa. Harlan ya riƙe wutsiya. Likita ya shigar da hannu, ya lalube, ya ƙara shigarwa, kuncinsa manne da cinyar dabbar. A hankali fuskarsa ta fara sauyawa.

"Delbert."

"Na'am, Likita. Ya juye ko?"

"Yaushe rabon karsanar nan da ganin bijimi?"

"To, ai ka san su, ba sa faɗa wa mutum."

"Babu komai a cikinta sai ciyawarka."

"Ƙara dubawa dai, ko ya ɓuya."

"Ya ɓuya a ina? A aljihunta?" Ya zaro hannu ya tuɓe safar ya jefar. Ya dubi agogo, ya dubi Harlan da ke riƙe da wutsiya har yanzu, ya dubi Delbert. Likita ba wawa ba ne. "Af! Yau Talata. Lallai ma. Harlan, janye mini motarka."

Harlan ya shafa aljihun gaba, ya shafa na baya, ya buɗe baki. "Kai! Makullin ya faɗi. Ina jin cikin harawar nan ne."

Harawar kuwa ta kai gwiwa. Likita ya yi ta faɗa har jijiyar goshinsa ta fito. Ya ce shi tun da yake bai taɓa ganin ƙattin tsofaffi biyu marasa kunya irinsu ba, kuma sai Delbert ya biya kuɗin zuwan nan har da na safa. Ya ce jama'a sun zaɓi yarinyar nan, a bar ta ta hau kujerarta mana, ko banza ita ta san rufin zauren ƙwallo na yoyo. Nan fa aka taɓo wa Delbert inda ke masa ƙaiƙayi. Ya ce rufin nan zai ƙara shekara biyar in an shafa masa kwalta, shi ya hau ya gani da idonsa. Harlan ya ce a'a, gaskiya a sake shi, amma kada a ba surukin Likita kwangilar. Likita ya ce wa ya ambaci surukinsa? Suka kaure, an manta da makulli, an manta da karsana, murya na tashi har tattabarun rufi suka watse.

Akwai abin da Delbert ya manta, kuma abin kunyar shi ne duk yaron garin nan ya san shi. Dokar da ta ce zama ba ya halatta sai da mutum uku, ita ce kuma ta ce duk inda amintattu uku suka haɗu suna maganar kwaleji, to zama ne. In ba a sanar da jama'a ba, ya zama zaman ɓoye, akwai tara, akwai kuma jaridar mako. Shi ya sa a gidan shan gahawa ɗaya tilo da muke da shi, in biyu na zaune, na ukun kan ɗauki kofinsa ya koma bakin taga. Ko a jana'iza rarrabuwa suke yi, kamar masu gaba.

"Ɗaya," wata murya ta ce daga bakin ƙofa. "Biyu. Uku."

Wanda Dreiling ce tsaye, jaka a hannu, tana nuna su da yatsa. Ta tsaya daidai inda siminti ya ƙare, ko taku ɗaya ba ta ƙara ba.

"Ba zan shigo ba, kada mu zama huɗu," ta ce. "Ni da Fasto da Marisol muna can muna kallon kujeru, ashe nan aka dawo da zaman. Tun daga bakin mota nake jin ana tattauna rufin zauren ƙwallo. An yanke shawara ne, ko karsanar ba ta jefa ƙuri'arta ba tukuna?"

Harlan ya sake kama wutsiyar, don ya rasa inda zai sa hannunsa. Shi kuwa Delbert ya sunkuyar da kai. Ya shekara ashirin da huɗu yana yi wa sababbin amintattu huɗuba a kan dokar nan, yau ga shi ya tara mutum uku cif a rumfarsa da hannunsa.

"Wanda, haihuwa ce ta zo," ya ce da ƙaramar murya.

"Barka. Namiji ko mace?"

Sai Harlan ya sunkuya ya zaro makulli daga cikin takalminsa, wai ashe nan ya faɗa.

"To ku saurara," in ji Wanda. "Ba zan kira mai jarida ba, don ina jin kunyar a ce a hannuna kuka tashi. Gobe zan liƙa sanarwar zaman gaggawa, ranar Juma'a da hantsi. Tun da shanu sun hana ku zuwa kwaleji, kwaleji za ta zo wurin shanu. A gidan nan za a yi. Uwargida ta ba mu aron kicin."

Delbert ya ɗago kai da sauri. "Arlene? Yaushe kika ga Arlene?"

"Wa kake tsammani ya gaya mini inda kuke?"

Da suka watse ya shiga gida jiki ba ƙwari. Arlene na tsaye tana goge baƙar rigar yaye, ta shimfiɗa tawul a kai don kada ta ƙone. Ba ta ɗago ba.

"Don ke fa na yi," ya ce.

"Na sani."

"To me ya sa kika tona ni?"

"Je ka wanke hannu, kana warin rumfa. Abincinka na cikin tanda."

Iyakar abin da ya samu ke nan. Ya ci abincin ba ya jin ɗanɗanonsa. Ba Wanda ce ta ɓata masa rai ba, ita aikinta ta yi. Abin da ya tsaya masa a wuya shi ne wadda ya yi wa wahalar ita ce ta janye masa tsani.

Zaman kwamitinmu a kwaleji, in an sami 'yan kallo uku an yi kasuwa. Ranar Juma'a kuwa motoci har bakin titi. Likita bai faɗa wa kowa labarin karsana ba sai matarsa, ita kuma ba ta faɗa wa kowa ba sai mai gyara mata gashi. Mutane suka cika kicin, suka cika falo, wasu na leƙe ta taga. Arlene ta kwana biyu tana gasa birok, burodinmu mai cushen nama da kabeji, tana ta zagayawa da faranti da butar gahawa. Duk wanda ya shigo sai ya tambayi Delbert jikin mai jego.

Amintattu suka zauna a teburin cin abinci, Delbert a kujerar kai inda yake zama kullum. Wanda ta buga 'yar gudumarta kusa da kwanon sukari. Fasto Yoder ya yi addu'a gajeriya, ya roƙa wa kowa gafara, har da waɗanda ba su roƙa ba, yana kallon Harlan. Aka kira Marisol ta ɗaga hannun dama ta yi rantsuwa. Sai kowa ya juyo yana kallon Delbert. Ya ɗauki lokaci kafin ya gane. Ya miƙe daga kujerarsa, a teburinsa, a gidansa, ya ja mata ita ta zauna. Ya koma ya jingina da bango tsakanin mai gidan mai da wata tsohuwar malamar ɗinki. Dariyar da ake ta ƙunshewa ta mutu, don abin ya fi ƙarfin dariya.

Marisol ta gyara zama ta ɗaga hannu. "Shugaba, ina da shawara. Ita ce ta farko a bakina, ku yi haƙuri in ban iya tsara ta ba. Lokacin da nake karatu da goyo, Mista Unruh ne ya dage sai da aka buɗe ɗakin renon yara. Ban manta ba. Ina roƙon kwamiti ya ba shi izini ya hau dandamali gobe ya miƙa wa matarsa shaidarta."

"Na goyi baya!" Harlan ya faɗa tun ba ta rufe baki ba.

Delbert ya ji idonsa ya ciko. Ashe da ya buɗe baki ya roƙa, da karsana ta huta. Ya dubi Arlene yana murmushi, ita kuwa ta ajiye butar gahawa.

"Kafin a jefa ƙuri'a," in ji Wanda, "akwai mai magana daga cikin jama'a?"

Arlene ta kwance ƙyallen girkin da ke ƙugunta, ta ninke, ta je ta tsaya kusa da firiji.

"Suna da adireshi, kamar yadda aka saba," in ji Wanda, fuska ba alamar wasa.

"Arlene Unruh. Nan gidan." Aka yi 'yar dariya. Ta jira ta lafa. "Shugaba, 'yan kwamiti, ban yarda da shawarar nan ba."

Harlan ya tsaya da birok a bakinsa.

"Marisol, 'yata, Allah ya yi miki albarka, da kyakkyawar zuciya kika faɗa. Amma ba a tambaye ni ba. Shi ma bai tambaye ni ba, saniya ya tambaya." Ta juyo ta dubi mijinta. "Delbert, mota kai ka ba ni. Injin wankin nan kai ka ba ni. Sunan da za a kira gobe ma naka ne. Ban raina ba, ko ɗaya. Amma takardar nan ba kai ka ba ni ba. Ni na zauna a teburin nan ina kuka da lissafi kana can kana minshari. Ba na so a ɗauki hoto a ce ga Delbert yana ba matarsa."

Ya buɗe baki, Wanda ta ɗaga guduma, ya rufe.

"Wannan ma ƙaramin dalili ne," Arlene ta ci gaba, muryarta ta sauka. "Duk shekara ina zuwa bikin nan. Ina zaune a ƙasa, hularka a cinyata. Na san abin da kowace yarinya ke yi in ta karɓi tata. Ba ta kallon wanda ya miƙa mata, ko sunansa ba ta tunawa. Juyawa take yi ta nemi nata a cikin jama'a. Yaran nan namu ɗaya na kan teku, ɗaya matarsa na gab da haihuwa, ta gaske, ba irin taka ba. Babu mai zuwa. In kana tsaye kusa da ni a sama, in na juya, wa zan nema?"

Malamar ɗinki ta zaro hankici. Marisol ta ce a hankali ta janye shawararta, Harlan ya haɗiye birok ɗinsa da kyar ya ce shi ma ya janye goyon bayan.

"Akwai wani mai magana daga cikin jama'a?" Wanda ta tambaya, ta kafe Delbert da ido.

Ya taka gaba ɗaya. Bai taɓa tunanin cewa duk shekarun nan ita kaɗai take zama ba.

"Delbert Unruh," ya ce. "Nan gidan." Ya yi gyaran murya. "Tambaya ce da ni. Su iyalai, ta wace ƙofa suke shiga?"

Ta ƙofar baya suke shiga, kuma sai an yi sammako. Delbert bai sani ba. Ya saba ya zo a makare ya ajiye mota a wurin da aka rubuta sunansa. Ranar Asabar sai da ya ajiye ta can bayan filin ƙwallo ya tako da ƙafa, ya tarar zauren ya cika maƙil. Da kyar ya sami kujerar ƙarfe a layin baya-baya, kusa da wata tsohuwa daga unguwar mayanka da ta zo ganin jikanta, riƙe da balan-balan guda shida da ke ta bugun kansa. Daga nan dandamalin ya yi masa nisa, amintattun sun zama 'yan mitsi-mitsi. Ya hango Likita ya fara gyangyaɗi.

Shugaban kwaleji ya fara da karanta ƙa'idar biki. Ba ihu, ba busa ƙaho, ba tafi sai an gama kiran suna duka. Delbert ya gyaɗa kai, don shi ya kawo ƙa'idar nan da kansa, saboda hayaniyar iyalai na hana shi jin sunaye. Aka fara kira. Kowane suna sai wani lungu na zauren ya fashe da sowa, ƙa'ida ko oho. Da aka kira jikan tsohuwar nan ta ƙwala ihun da ya sa kunnen Delbert ya yi ƙara, ta juyo ta rungume shi tana kuka, alhali ba ta san shi ba.

Sunan Unruh can ƙarshe yake. Ƙafafunsa sun yi sanyi, bayansa ya riƙe, sannan ya ji an ce, "Arlene Unruh."

Ta hau a hankali tana riƙe da ƙarfen matakala, rigar ta yi mata yawa. Ta karɓa daga hannun shugaban, ta gaisa da shi, ta juyo. Ta duba dama, ta duba hagu. Ta gyara tabarau ta sake dubawa. Fitilu na haske mata ido, mutane sun fi dubu, shi kuwa wani tsoho ne mai sanƙo a bayan balan-balan. Ya ɗaga hannu, ba ta gani ba. Ɗalibin da ke bayanta a layi ya matso, wani malami ya taɓa gwiwar hannunta alamar ta wuce. Ta ƙi motsi. Delbert ya ga murmushin fuskarta ya fara gushewa.

Bai san lokacin da ya taka kujerar ƙarfen ya hau ba. Kujerar ta yi ƙara ta karkace, tsohuwar ta saki balan-balan ta cafke bel ɗinsa da hannu biyu. Ya haɗa tafukansa a baki ya saki kiran da yake yi wa shanu in sun yi nisa a makiyaya, kiran da Harlan ke cewa har gidansa yake ji, kuma wannan karon gaskiya ne.

"Huuuu-yo! Arlene! Ga ni nan! Nan baya!"

Zauren ya juyo gaba ɗaya. Likita ya farka a firgice. Arlene ta dafa ƙirji, ta ɗaga takardar sama da hannu ɗaya tana kaɗa masa, tana dariya hawaye na zuba.

"Sauko haka nan, Baba, ta gan ka," in ji tsohuwar. "Hannuna ya gaji."

Bai sauko ba sai da Arlene ta kai ƙasan matakala.